Shekarar da Rijiya Ta Zama Ɗigo

Na san abin da kuke faɗa idan na fita masallaci. Bangon gidan nan ba shi da kauri, kunnena kuma bai mutu ba tukuna. Wasunku na cewa Baba ya ba da rijiyar kakanmu kyauta da bakinsa. Wasu kuma, musamman kai Nasiru, kuna cewa 'yar'uwarku Rukayya ce ta jawo mana, ita da karatunta na taswira. Tun da na fara rubuta muku tarihin nan nake kewaye wannan magana kamar mai kewaye kududdufi, amma yau zan taka ta. Shekara arba'in na yi ina ɗaurin huhun goro a nan unguwar Sabo ta Ibadan. A wannan aiki ganye ake fara shimfiɗawa, sannan a zaɓe goro, a jera, a yayyafa ruwa, a rufe, a ja igiya. Wanda ya tsallake mataki ɗaya ya ruɓar da huhu. Haka zan jero muku wannan labari. Ban yi alkawarin za ku gane shi duka ba, domin ni da abin ya faru a kaina har yau akwai inda yake kuɓuce mini.

Na farko, ita rijiyar. Mahaifina Malam Idi da abokinsa Baba Tanko tare suka sauka Ibadan daga Arewa, tare suka yi dako, tare suka sami fegi biyu manne da juna a lungun nan. Ƙasar wurin dutse ce, babu wanda ke da ƙarfin haƙa rijiya shi kaɗai. Sai suka haƙa guda ɗaya a daidai kan iyaka. Da suka zo gina katanga, suka gitta ƙarfen dogo a bakin rijiyar, katangar ta bi ta kansa ta wuce. Rabin baki a gidanmu, rabi a gidansu, ruwa ɗaya a ƙasa. Kowane gida da gugansa. Matan gidan nan ba sa ganin mazan wancan gida, amma idan mace ta sunkuya ta yi magana a cikin rijiyar, muryarta sai ta fito ta ɗaya ɓangaren kamar tana gefenka. Ta nan ake aika gishiri da daddawa a ɗaure a jikin igiya. Ta nan aka sanar da haihuwar kowane ɗayanku kafin a sanar a masallaci. Duk ƙarshen rani mazan gidajen biyu kan haɗu su yashe ta, mata su dafa musu shinkafa da wake.

Akwai wata ƙa'ida kuma da ba a rubuta ba. A gidanmu ba a taɓa cewa rijiyarmu. Sau ɗaya na faɗi haka ina ƙarami, mahaifina ya murɗe mini kunne har na ga taurari.

"Rijiyar gidan wa?"

"Ta gidan Baba Tanko."

"Maimaita."

A can gidan kuma sunanta rijiyar gidan Malam Idi. Kowa na yi wa ɗan'uwansa kara. Kai ka miƙa masa, shi ya miƙo maka, rijiya kuma tana nan a tsakiya tana shayar da kowa. Da tsofaffin suka rasu, ni na gaji wannan gida, Yaya Mamman ɗan Baba Tanko ya gaji wancan. Ya girme ni da shekara shida. Muka ci gaba da kiranta yadda muka tarar. Innarku Ladi da Hajiya Gambo matar Yaya Mamman kuwa, rabin rayuwarsu a sunkuye suka yi ta a bakin rijiyar nan.

Na biyu, shekarar da abin ya zo. Daminar bara ta wancan lokaci ruwa ya shiga lungunmu sau biyu, har ya jiƙa mini ganyen goro a zaure. Sai aka ce wani ofishi zai sa dukan unguwa a cikin kwamfuta, gida-gida, lungu-lungu, don a san inda za a bi da magudanar ruwa, kuma a ƙarshe a ba kowane gida takardar iyakarsa. Rukayya ta gama karatun taswira ke nan, aka ɗauke ta cikin masu aikin. Na yi farin ciki, ba zan ɓoye ba. Ni aji shida na tsaya, kuma a ganina taswira ita ce wadda malaminmu ke ratayewa a allo, mai kogin Kwara da Binuwai. Wata ranar Asabar da hantsi na ce ta zauna ta yi mini bayani daga farko, kada ta tsallake komai. Ta buɗe kwamfutarta a kan tabarma a tsakar gida. Innarku na gefe tana tsince shinkafa. Kun san Hausar Rukayya, ta 'yan Sabo ce, kalma biyu Hausa, ɗaya Yarbanci, ɗaya Turanci. Na gyara ta a nan gwargwadon iko.

"Baba, a cikin na'urar nan abu uku ne kawai a duniya. Ɗigo, da layi, da kewaye."

"Uku?"

"Uku. Turken wutar lantarki ɗigo ne. Lungu layi ne. Gida kuma kewaye ne, wato layin da ya tafi ya zagayo ya dawo inda ya fara."

"Akuyar uwarki fa?"

"Akuya ba ta shiga, Baba, yawo take yi."

"Rijiya?"

"Ɗigo."

"Rijiyar da jaki zai faɗa ciki a neme shi a rasa, ita ce ɗigo?"

"A taswirar unguwa guda, i. Ba faɗinta ake so ba, inda take ake so."

Innarku ta ce ba tare da ta ɗago kai ba, "Ubanki dai ki sa shi a layi. Tun da na san shi bai taɓa lanƙwasa ba."

Suka yi dariyarsu, ni ban yi ba, domin ina ƙoƙarin in kama abin. Na tambaye ta masallaci fa. Ta ce idan taswirar garin Ibadan ce baki ɗaya, masallacin ɗigo ne, idan ta Sabo ce kaɗai, kewaye ne. Na ce to abu ɗaya ya zama iri biyu ke nan, ina tsarin yake? Ta ce tsarin yana wurin mai kallo. Ban gane ba. Amma da ta zo kan shimfiɗa, sai na gane sarai. Ta ce gidaje shimfiɗarsu daban, hanyoyi daban, rijiyoyi da famfuna daban, sannan a ɗora wannan a kan wancan, a haɗa su su zama taswira ɗaya. Na ce ai wannan huhu ne. Ganye, goro, ganye, goro. Ta tafa hannu ta ce, "Oya, Baba ya kama!" Daɗin wannan yabo ya cika mini kai. Shi ya sa da ta ci gaba tana cewa kowane ɗigo yana da sahunsa a jadawali, da gurbin da ake rubuta ko mene ne shi, da gurbi ɗaya na sunan mai shi, na ji da kunnena amma bai sauka cikina ba. Ta faɗa. Ku rubuta wannan ku ajiye: ta faɗa mini, gurbi ɗaya.

Na uku, ranar awo. Dokar aikin ita ce ba wanda zai auna lungun ubansa, don haka aka tura Rukayya wajen layin mahauta. Wanda ya zo mana shugabansu ne, Bayarabe, suna kiransa Oga Femi. Mutum ne mai ladabi, ya taɓa zama a Arewa, yana da Hausarsa ta ciniki. Ya zo da wata doguwar sanda mai farin kai kamar an kife kwanon sha, da allon gilashi a hannu. Wakilin mai unguwa na biye da shi, da maƙwabta uku ko huɗu da suka biyo don kallo. Na sa mata suka shiga ɗaki, muka shiga. Ya kafa sandar a kowace kusurwar gida, ya jira, ya danna, ya wuce. Aikin ya burge ni ƙwarai. Kusurwa ta ɗaya, ta biyu, ta uku, babu tsallake. Har muka zo rijiya. A lokacin akwai rumfar kwano a kanta, wadda muka yi tare da Yaya Mamman don kada ganyen mangwaro ya riƙa faɗawa. Oga Femi ya kafa sandarsa a bakin rijiya, ya dubi allo, ya matsa, ya sake duba, ya yi tsaki.

"Baba, zo ka gani wahala."

Na leƙa. Ga layin katangarmu a miƙe, ga wani ɗan ɗigo shuɗi yana rawa a jikinsa.

"Yanzu yana gidanka. Ka gani? Yanzu ya shiga gidan maƙwabci. Kwano ya tare sama, na'ura ba ya ji tauraro da kyau." Ya sauke allon ya dube ni. "To Baba, kai ka faɗa. Wa ke da rijiya?"

Ku tsaya a nan ku duba inda nake tsaye. A tsakar gidan ubana. Wakilin mai unguwa na kallona, maƙwabta na kallona. Bayan katangar kuma na san Hajiya Gambo na iya kasancewa a sunkuye, kuma duk abin da aka faɗa a bakin rijiyar nan yana fita ta can. Ban yi tunani ba, domin babu abin tunani. Bakina ya faɗi abin da aka koya masa da murɗar kunne.

"Ta gidan Baba Tanko ce."

"Ka tabbata, Baba?"

"Tun kafin a haife ka."

Wakilin mai unguwa ya gyaɗa kai ya ce, "Haka ne, haka ake ce mata." Oga Femi ya danna allonsa. Na raka su ƙofa, na ga shigarsu gidan Yaya Mamman da idona. Raina kwance. A lissafina, yanzu za su je ɗaya ɓangaren, su kafa sanda, su tambaya, Yaya Mamman ya ce ta gidan Malam Idi ce. Su koma ofis su ga amsa biyu, su gane abin da kowane yaro a lungun nan ya sani. Har na ce wa innarku da yamma, mutanen nan sun san aiki.

Na huɗu, ranar da aka liƙa taswira. Wata uku ko huɗu bayan awo aka buga ta a manyan takardu, aka liƙa a bangon makarantar firamare, aka ce duk mai ƙorafi ya kawo kafin ƙarshen wata. A tsakanin nan ne Yaya Mamman ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ni ban je kallon taswirar ba, don ban ga abin da zan je nema ba. Rukayya ce ta shigo da azahar, ko sallamar kirki ba ta yi ba, ta ajiye kwamfutar a gabana ta buɗe.

"Baba, me ka ce wa Oga Femi?"

Na duba. Ga gidanmu, ga gidansu. Layin da ke tsakani ya taho a miƙe, sai ya zo wani wuri ya lotsa cikin gidanmu kamar an gatsi ƙosai, sannan ya koma ya miƙe. A cikin lotsawar ga ɗigon nan, ya daina rawa.

"Wa ya lanƙwasa katangar ubana?"

"Ba wanda ya taɓa katanga. Layi aka ja. Na'urar ba ta yarda ɗigon mutum ya zauna a cikin kewayen wani ba, sai ta nuna kuskure. Ka ce tasu ce, to sai aka ja iyakarsu ta rungume ta."

"Ai su ma sun ce tamu ce."

"Ba a tambaye su ba."

"Na ga shigarsu da idona."

"Sun shiga, sun auna kusurwa. Amma rijiyar an riga an shigar da ita daga nan. Ɗigo ɗaya ne, Baba. Sahu ɗaya, gurbi ɗaya, tambaya ɗaya. In an shigar da ita sau biyu, sai ta zama rijiya biyu."

Na juya maganar ta nan, na juya ta can. Gaskiya ne rijiya ɗaya ce. Gaskiya ne kuma na faɗi abin da na faɗa. Amma abin da na faɗa rabin magana ne, ɗaya rabin yana bayan katanga yana jira. Wane irin mai tambaya ne zai ji sallama bai jira amsa ba? Sai na tuna ta taɓa nuna mini hoton unguwa da aka ɗauka daga sama. Na ce to ai ga shaida, a duba hoton, za a ga katanga ta bi ta kan rijiya. Ta buɗo shi, ta yi ta matso da shi kusa, kusa, har gidanmu ya daina zama gida, ya farfashe ya zama 'yan akwatuna masu kusurwa huɗu kamar zanen dara a ƙasa. Ta ce wannan shi ne ɗaya tsarin. A nan babu ɗigo, babu layi, ƙasa ce aka yanka akwati-akwati, kowane akwati launi ɗaya, kuma abin da ya fi yawa a cikinsa shi ke cinye launin. Ta ɗora yatsa a kan wani akwati mai ruwan toka.

"Nan ne rijiyar."

"Ina take?"

"Rumfar ce ta fito. Akwatin nan cewa yake kwano."

To kun ji. A tsari ɗaya rijiyar ubana ɗigo ce a gidan wani. A ɗaya tsarin babu ita sam, kwano ce. Ni kuma ina zaune ina jin ƙarar gugan innarku yana bugun ruwa a bayana.

Rukayya ba ta tsaya kuka ba. Washegari ta zo da takardar gyara. Ta ce ta yi magana da Oga Femi, shi ma abin ya dame shi, ya ce da ya sani da ya tambayi ɓangare biyu. Akwai mafita: a cire rijiyar daga gidajen biyu, a yi mata ɗan kewayenta na kanta, a rubuta sunan gida biyu a jikinsa. Abin da ake bukata kawai shi ne sa hannun masu gidan biyu, ko dangwalen yatsa, kafin ƙarshen wata. Ta cike komai da kyakkyawan rubutunta. Na sa hannu a nawa gurbin. Saura ɗaya.

Na biyar, zuwana gidan Yaya Mamman. Bayan la'asar na ninke takardar huɗu, na sa a aljihun ƙirji, na ɗora babbar riga. Na tarar da shi a kwance a ɗakinsa, an jingina shi da matashi, bakinsa ya karkace, hannun dama na kwance a kan bargo kamar ba nasa ba. Mutumin da ke sauka cikin rijiya da igiya a ƙugu lokacin yasa, ni ina riƙe da ɗaya bakin igiyar. Hajiya Gambo na zaune a ƙofa. Na gaishe shi, ya amsa da ido. Na zauna ina shirya maganar a zuciyata mataki-mataki: in fara da taswira, sannan ɗigo, sannan kuskure, sannan takarda. Har na kai hannu ƙirji. Sai ya motsa baki, da ƙyar, yana jan kowace kalma kamar guga mai nauyi.

"Gambo. Ba Sabi'u ruwa. Na rijiyarsu. Ta gidan Malam Idi."

Ta kawo a kofin silba. Na sha. Ruwan da sanyinsa, da ɗan ɗanɗanon dutsen nan da kuka sani. Na dubi hannun da ke kan bargo. Wato in ciro takarda, in ɗaga hannun da ba ya ɗaguwa, in dangwala yatsarsa a tawada, in danna? A ce Sabi'u ya je wa marar lafiya da takardar rijiya? 'Ya'yansa na Legas da Abuja su ji a waya cewa maƙwabci ya fara rabon gado uban yana numfashi? Kuma me zan ce masa, ga shi yanzun nan ya ba ni ita da bakinsa, a gaban matarsa? Na sauke hannuna. Muka yi addu'a, na fito.

Rukayya na tsaye a zaure.

"Ya dangwala?"

"Ya faɗa da bakinsa cewa tamu ce."

"Baba, na'ura ba ta da kunne."

"To ke ki faɗa mata, ba ke kike aiki da ita ba?"

"Ba zan iya taɓa lungunmu ba, kuma ko zan iya, sai da takarda. Ba ni ita in kai wa Hajiya Gambo da kaina. Ita za ta gane. Minti biyar ne, wallahi."

"Ba za ki je ba."

"Baba, don Allah."

"Na ce ba za ki je ba. In ya ji sauƙi ma yi."

Sau uku ta dawo mini da maganar kafin watan ya ƙare. A na ukun har ta durƙusa ta kama ƙafata. Innarku ma ta ce in bar ta ta faɗa wa Gambo ta rijiya, magana ce ta mata. Na ce duk wadda ta kai maganar takarda gidan marar lafiya ba da yawuna ba. Kun san ni, kun san ba a maimaita mini. Nasiru, wannan sakin layi naka ne, ka karanta shi sau biyu.

Na shida ba shi da tsawo. Wata ya ƙare, aka cire takardun daga bangon makaranta. Yaya Mamman bai ji sauƙi ba, Allah ya yi masa rasuwa farkon damina, Allah ya jiƙansa. Bayan Hajiya Gambo ta fita takaba, 'ya'yan suka haɗu suka sayar da gidan ga wani mai fataucin albasa a kasuwar Bodija, wanda ke son ya mai da shi ɗakunan haya. Ban zarge su ba. Ba a nan suka girma ba, ɗaya ne kawai cikinsu ya taɓa jan guga a rijiyar. Takardar iyaka suka miƙa masa yadda ofis ya ba su. Wata safiya muka ji guduma a jikin katanga. Na fita na tarar da magina sun ja igiya ta cikin tsakar gidanmu, daidai lotsawar nan da na gani a kwamfuta, ba ƙari ba ragi. Na ce da sabon mai gidan rabin rijiyar namu ne. Bai yi mini rashin kunya ba. Ya buɗe takarda ya nuna mini, ya ce ya kuma tambayi mutanen lungu, kowa ya ce masa sunanta rijiyar gidan Baba Tanko, har an ce ni da kaina na shaida a gaban wakilin mai unguwa. Ya tambaye ni ko ƙarya aka yi mini. Na juya na koma ɗaki. A cikin kwana uku suka cire ƙarfen dogon da ubana ya gitta, suka zagaye rijiyar da bulo, suka rufe bakinta da kankare, suka sa inji da tanki. Mutumin ya yi mana kirki ya huda bango ya fito mana da famfo. Shekarar farko yana kawo ruwa. Da 'yan haya suka cika gidan, sai ya koma yana tari kawai. Sauran kun sani, ku ke tare mai kurar ruwa a bakin lungu.

Na bakwai, kuma na ƙarshe, abin da Hajiya Gambo ta faɗa mini. Ranar da za ta koma Arewa wurin 'yarta, motar da za ta kai ta tashar Ojoo na tsaye a bakin lungu, ta shigo sallama. Ita da innarku suka rungume juna, suka yi kukansu. A zaure ta tsaya ta ce da ni, daga bayan mayafi:

"Malam Sabi'u, ranar masu awon nan, ka san yayanka Alhaji farar riga ya sa? Tun safe ya zauna yana jiransu. Suka auna nan, suka auna can, suka kama hanya. Ya ce, kai, ba ku tambayi rijiya ba. Shugaban ya ce, an gama da rijiya, Baba, maƙwabcinka ya ce taka ce. Alhaji ya yi ta dariya. Ya shigo yana ce mini, Gambo, Sabi'u ya riga ni. Bari takardun su fito, zan je har ofishin in rama."

Na ce, "Ya faɗi haka?"

"Har yana kwance yana tambayata ko takardun sun fito. Ni kuma ban san an liƙa su ba. Da wani ya faɗa mana."

Takardar gyaran tana cikin akwatina har yau, a ninke huɗu, da sa hannuna a gurbi ɗaya.

Na jero muku abin daga ganyen farko har igiya. Na sha bin sa da yatsa ina neman matakin da na tsallake, kuma duk lokacin da na ce ga shi nan, sai in ga a ranar ba ni da wata amsar da zan bayar. Rukayya ta ce yanzu a ofishinsu sun ƙara gurbi na biyu a jadawalin rijiyoyi, kuma suna tambayar kowane ɓangaren katanga. Ta ce dalilin gidan nan ne. Ban san ko in ji daɗi ba. Abin da na sani, kuma nake umartarku da shi, guda biyu ne. Kada wanda ya ƙara ɗora wa Rukayya laifin nan, ina raye ko bayan raina. Gugan da ke rataye a ƙusa kuma a bar shi inda yake, kada a zuba wa kaji dusa a ciki.

Makon jiya 'yar Nasiru, ƙaramar, ta tsaya a kusurwar nan inda sabon siminti ya bambanta da tsohon bango. Ta ga kakarta ta saba ajiye kujera a wurin da hantsi, ta zauna ita kaɗai. Yarinyar ta manna kunne a bangon, ta ji ƙugin inji, ta ce, "Kaka, mene ne a ciki?"

Na ce, "Rijiyar gidan Baba Tanko ce."

Innarku ta ɗago ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Na so in gyara, na laluba, ban sami wani sunan da zan kira ta da shi ba.